Saƙon da Otilia Ta Riƙe

Otilia ba ta nemi zama magajiyar garin Valdesora ba. Da lokacin zaɓe ya zo, aka duba aka ga a cikin waɗanda suka rage ita kaɗai ke iya tuƙa mota zuwa birnin Teruel ta dawo ba tare da ta kwanta jinya ba, sai aka ɗora mata. Ta haura sittin a lokacin, mijinta ya rasu, 'yarta tilo tana aikin asibiti a Zaragoza, amma tsofaffin ƙauyen ba su fasa ce mata “yarinya” ba.

Ƙauyen ya daɗe yana zubewa. In ka bi layin da ya haura zuwa coci, gida ɗaya za ka ga yana hayaƙi, sai rufaffun ƙofofi a jere, sannan wani hayaƙin can gaba. Motar mai burodi ta daina zuwa kullum. Limamin coci kuwa ƙauyuka barkatai yake zagayawa, jana'iza ce kaɗai ke kawo shi a kan lokaci. Da aka aiko daga ma'aikatar ilimi cewa in yara ba su ƙaru ba za a rufe makaranta, Otilia ta san abin da zai biyo baya. Ta ga yadda aka yi a ƙauyen bayan dutse. Ana rufe makaranta masu yara suka kwashe kayansu, tsofaffi suka bi 'ya'yansu birni ɗaya bayan ɗaya, yanzu ciyawa ta kai gwiwa a dandalin.

Sai ta sa aka yi shela a rediyo: ana neman iyali masu yara, akwai gida, akwai aiki. Aikin bai ba ta wahala ba, don tsoho Evaristo gwiwoyinsa sun gama aiki, tumakinsa suna neman makiyayi. Gidan ne matsala. Gidajen da ke rufe duk suna da masu su, magada ne da suka watsu a duniya, ba za su gyara ba, ba za su sayar ba, ba kuma za su bayar ba. Gida ɗaya ne mai lafiyayyen rufi da take da ta cewa a kansa, gidan iyayenta, wanda suka gada ita da yayanta Anselmo.

Anselmo ya tafi Jamus tun yana saurayi, ya shiga masana'antar motoci, ya auri 'yar can. Ita ta zauna. Ita ta yi jinyar mahaifinsu, sannan ta yi ta mahaifiyarsu, wadda ta kwanta shekara da shekaru a ɗakin ƙasa na kusa da kicin, sai an juya ta, sai an ba ta abinci a baki. Anselmo ya zo jana'iza duka biyun da baƙar kwat mai kyau, ya yi kuka, ya kwana biyu, ya koma.

Ta kira shi ta waya ta yi masa bayani.

“Yi yadda kika ga dama, Oti,” in ji shi. “Me zan yi da tarin duwatsu?”

A farkon kaka suka iso cikin wata tsohuwar motar kaya: Lahsen, da matarsa Itto, da yara huɗu. Mutanen duwatsun Maroko ne, sun yi shekaru a Valencia suna tsinkar lemo, duk suna cunkushe a ɗaki ɗaya. Evaristo ya tsaya jingine da sandarsa yana kallon Lahsen daga sama har ƙasa.

“Yarinya, kin tabbata ya san bambancin tunkiya da kare?”

Lahsen ya wuce shi. Ya shiga garke, ya fito da wata tunkiya mai ɗingishi, ya kwantar da ita ya cire mata tsakuwa daga kofato. Daga ranar Evaristo ya koma tsokanarsa a kan shayi, wai sukarin da yake zubawa ya isa kashe jaki.

Ba a karɓe su dare ɗaya ba. Akwai matan da suka yi watanni suna amsa gaisuwar Itto da haɓa. Amma sanyi ya shigo, Itto ta share tsohuwar tandar gasa burodi ta ƙauye da ta yi shekaru a mace, ta hura mata wuta, ƙamshin burodi ya bi layi. Tsofaffin suka fara fitowa, wai ɗumi suka zo ji. Makaranta ta tsira. Shekara na zagayowa wasu iyali daga Peru suka zo suka buɗe mashayar dandali. 'Yan jarida suka hauro daga birni suka ɗauki hoton Otilia a ƙofar makaranta, yara zagaye da ita. Itto ta koma kiranta Gwaggo, yadda ake kiran manyan mata a garinsu, ita kuma Otilia har cikin ranta tana jin daɗin hakan.

Ana cikin haka Anselmo ya dawo. Bai sanar ba. Motar haya ce ta sauke shi a dandali da akwati ɗaya da sanda, ƙafafunsa a kumbure har takalmi ba ya ɗauruwa. Matarsa ta rasu, ɗansa yana can da nasa iyalin da nasa harshen. Otilia ta kai shi gidanta. Ɗakunan kwana duk a sama suke, matakalar kuma tsaye take, sai ta shimfiɗa masa a doguwar kujerar falo.

Kowace safiya, in rana ta ɗan yi ɗumi, yakan ja ƙafa zuwa dakalin dutse da ke fuskantar gidan iyayensu, ya zauna yana kallon ƙofar. Kayan yara a kan igiya, takalma a bakin ƙofa, rediyo na waƙa da harshen da bai sani ba. Sai azahar ya dawo.

Wata rana suna cin abinci ya ajiye cokali.

“Yaushe za su tashi?”

“Su wa?”

“Kin san su wa, ranki ya daɗe. Gidan rabinsa nawa ne.”

“Tarin duwatsun?”

“A waya na faɗa. Ba abin da mutum ba ya faɗa a waya.”

“In suka tashi makaranta ta tafi, Anselmo. In makaranta ta tafi, ni da kai da Evaristo za mu zauna muna jiran wa zai binne wa.”

“A ɗakin nan aka haife ni. A nan nake so in mutu. Ya yi yawa?”

“Da Inna ke kwance a cikinsa tana kiran sunanka, ai ɗakin yana nan. Bai gudu ba.”

Ya dube ta ya daɗe, sannan ya ce, “Kin ba da gidan uwarmu don a buga hotonki a jarida.”

Ta kwashe kwanonin. A wurin wanke-wanke har ta fasa kofi.

Bayan 'yan kwanaki ta je tanda karɓar burodi. Itto ta jira sauran matan suka watse, ta goge hannu a zanenta.

“Gwaggo, ina da magana. Yayanki kullum yana zaune a sanyi yana kallon gidan. Ba na iya haɗiye abinci in na hango shi ta taga. Mun yi shawara da Lahsen. Ɗakin ƙasan nan na kusa da kicin, buhunan gari ne kawai a ciki. Ya fi ko'ina ɗumi, ba hawa ba sauka. Ya dawo ya zauna. Tukunyar da ke ciyar da mutum shida ba za ta gaza da na bakwai ba.”

“Jinya ce fa, Itto. Ƙafafunsa sai an wanke, sai an shafa magani.”

“Na sani. Babana yana can garinmu shi kaɗai a layinsu, duk an tafi. Wata maƙwabciya ce ke haurawa ta kai masa abinci. Kullum ina roƙon Allah kada ta gaji. Ki bar ni in yi wa wani abin da ake yi mini.” Ta ɗan yi murmushi. “Ni ina jin nauyin tunkararsa, kada ya ga kamar ina yi masa tayin gidansa. Ke ce ƙanwarsa. Ki faɗa masa.”

“Zan faɗa masa,” in ji Otilia.

Da gaske take lokacin da ta faɗa. Ta taho da burodin a ƙirji yana ƙona ta, tana shirya kalmomin. Ta tarar da shi a kicin ya buɗe tukunyar wake yana shinshinawa.

“Ba haka Inna ke yin sa ba,” ya ce. “Kin cika ruwa.”

Ta ajiye burodin a kan tebur. Ta ce a ranta sai anjima. Anjima ta ce sai gobe.

A kwanakin da suka biyo ta tara wa kanta dalilai, kuma duk masu kyau ne. Mutane za su ce an kawo baƙi an mai da su bayi. Wasu za su ce gadon gidan suke hari. Anselmo mutum ne mai baki, in ya faɗa wa Lahsen wata magana marar daɗi suka yi fushi suka tafi, ƙauyen ne zai biya. Magajiyar gari dole ta duba na kowa. Haka take gaya wa kanta a mota, da ofis, da coci. Amma akwai wani dalilin a ƙarƙashin waɗannan, wanda ba ta yarda ta kalla sai ta gefen ido. A ɗakin nan ta ƙarar da ƙuruciyarta. A nan bayanta ya lalace wajen ɗaga tsohuwa. Shi bai taɓa zubar da fo ko sau ɗaya ba, yanzu kuma ya dawo ya kwanta a gadon, wata mace ta wanke masa ƙafa, a kawo masa shayi, yara su yi masa hira har ya cika cikin ɗumi? A banza?

Da Itto ta tambaye ta, ba ta ko ɗaga kai daga jakarta ba.

“Ya gode ƙwarai. Ya ce ba zai iya da hayaniyar yara ba.”

“To,” in ji Itto a hankali. “Allah ya ba shi lafiya.”

Ana gab da shiga sanyi ya faɗi a banɗaki. Otilia ta kasa ɗaga shi, sai da ta aika aka kira Lahsen daga garke. Likita ya ce ba zai yiwu ya ci gaba da kwana a kujera ba, yana bukatar masu kula da shi. Aka samu gurbi a wani gidan tsofaffi a Teruel. Bai yi gardama ba, abin da ya fi damun ta ke nan.

Ranar tafiya, da suka zo daidai gidan iyayensu, ya ce ta rage gudu. Ƙofar a rufe take, ba yaro ko ɗaya a waje.

“Na yi miki magana marar kyau rannan,” ya ce, idonsa a kan taga. “Kin yi daidai da kika bar su. Ni ma na zauna a gidan mutane a Jamus. Na san yadda baƙo ke ji in ya ga mai gida yana zagaye ƙofa. Na lura ma in na zauna matar takan kira yaranta ciki. Tsorona suke ji, ba laifinsu.” Sannan ya ƙara, “Da ma ɗakin Inna kawai nake so. Amma wa zai ɗauki tsoho irina?”

Otilia ta riƙe sitiyari da hannu biyu. Ta tuna tayin Itto. In ta faɗa yanzu, dole ta faɗi tun yaushe ta sani. Ta ba motar wuta, suka gangara.

Gidan tsofaffin ba shi da laifi. Akwai tsabta, akwai ɗumi, ma'aikatan suna da fara'a. Tagarsa na kallon wurin ajiye motoci. Kowace Lahadi takan je, kowace Lahadi kuma Itto takan tare ta da burodi mai zafi naɗe a tsumma, ta ce a kai wa Kawu. Anselmo yakan gutsura ya tauna a hankali ya tambayi labari: tumakin Evaristo sun haihu? An gyara agogon coci? Babbar yarinyar ta ci jarrabawa? Duk ya san sunayen yaran, daga dakalin nan ya haddace su. Otilia takan tashi daga gida da niyyar yau za ta faɗa, ta ɗauko shi, ai ba a makara ba. Ta dawo da maganar a cikinta, ta ƙara nauyi.

A tsakiyar sanyi dusar ƙanƙara ta rufe hanyar dutse, Lahadi biyu ba ta je ba. Ranar da aka buɗe hanya, tana neman makullin mota wayar ta yi ƙara. Daga gidan tsofaffin ne: Anselmo ya cika da safe, bayan an ba shi karin kumallo. Ma'aikaciyar ta ce bai wahala ba.

A Valdesora aka binne shi, kusa da iyayensu. Ƙasa ta daskare kamar ƙarfe, Lahsen da mutumin Peru suka wuni suna sara da diga. Su suka ɗauki akwatin, da babban ɗan Lahsen, da direban motar gawa, don a cikin 'yan asalin garin babu mai kafaɗar ɗauka. Ɗan Anselmo bai samu zuwa ba, jirage sun tsaya saboda yanayi. Evaristo ya riƙe hannun Otilia a bakin kabari.

“Kin yi ƙoƙari, yarinya. Shi da ya bar ki da komai, kika karɓe shi.”

Ta gyaɗa kai. Kowa haka ya riƙa faɗa mata har aka watse.

Ta daina zuwa tanda. Ta koma sayen burodin leda in ta shiga birni. Sai da bazara ta fara shigowa Itto ta zo har gida ta same ta, ta zauna a kujerar da Anselmo ya kwana a kai.

“Gwaggo, mun yi miki laifi ne?”

“A'a.”

“Akwai abin da ke cina tun rasuwar Kawu. Ko don mu Musulmi ne ya ƙi? Ki gaya mini gaskiya, ba zan ji haushi ba. Mamaci ne, na yafe masa tun tuni.”

Otilia ta dubi hannuwanta. Da sauƙi ta ce haka ne, tsoho ne mai taurin kai, a wuce wurin. Shi ba ya nan balle ya musa.

“Bai ƙi ba,” ta ce. “Ban faɗa masa ba.”

Itto ba ta gane ba da farko, sai da Otilia ta maimaita. Ta faɗi duka, har da tukunyar wake, har da abin da ya ce a mota. Ba ta kawo maganar makaranta ko surutun mutane ba, don a bakinta ma ta ji ba su da nauyi.

Itto ta kawar da kai.

“Kin ce ba ya son hayaniya,” ta ce daga baya. “Duk ranar da ya zauna a dakalin nan sai in kira yara ciki in rufe ƙofa. Ƙaramar ta so ta kai masa shayi, na buge mata hannu.”

“Na sani.”

“Ba ki sani ba. Ni na rufe masa ƙofar gidan uwarsa da hannuna.”

Ta tashi ta gyara mayafinta. Ta buɗe ƙofa ta fita.

Otilia ta yi kwanaki tana jiran ta ga motar kaya a ƙofar gidan. Ba su tafi ba. Ina za su, yara na makaranta, tumaki sun saba da muryar Lahsen? Itto ba ta gaya wa kowa ba, ko mijinta, don Lahsen bai canza mata fuska ba. In sun haɗu a hanya sukan gaisa, Itto ta tambayi lafiyar 'yarta, ta wuce. Da zaɓe ya zo aka sake ɗora wa Otilia kujerar, har da tafi a mashaya.

Da rani ɗan Anselmo ya zo. Matthias sunansa, dogo, mai kunya, yana harhaɗa harshen ubansa da ƙyar. Ya kai fure kabari, sannan ya zauna a kicin ɗin Otilia ya riƙe hannunta.

“Baba yana kirana kowane mako. Kullum ke yake yabo. Ya ce ke kika riƙe iyayensa, ke kika riƙe garin, shi kuma ya gudu. Ya ce in ya mutu rabonsa na gidan a bar wa masu yaran. Na zo in sa hannu.” Ya nemi kalma ya samu. “Na gode, Gwaggo. Bai mutu shi kaɗai ba saboda ke.”

Ta zuba masa abinci ta ƙara masa, ita ba ta iya ci ba.

Kafin ya tafi ya roƙi a nuna masa inda aka haifi mahaifinsa. Suka taka tare zuwa gidan. Itto ta karɓe shi da fara'a, ta kira yaran suka gaishe shi ɗaya bayan ɗaya, ta shige gaba ta buɗe masa ɗakin kusa da kicin. Otilia ta ji muryarsa daga ciki yana cewa ashe ƙarami ne haka, amma da daɗin zama.

Itto ta leƙo.

“Ba za ki shigo ba? Na ɗora shayi.”

“Ƙafata ke ciwo,” in ji Otilia. “Zan jira shi a nan.”

Itto ta dube ta, ba ta matsa ba, ta koma ciki. Otilia ta tsaya a rana a bakin ƙofa har baƙon ya gama shan shayinsa ya fito, sannan ta kai shi tashar jirgin ƙasa.